Kayan fadar Benin a wayar hannu

Jiya da dare na shiga shafin Digital Benin, wallahi na kusa kwana ina kallo. A 2022 aka buɗe shi, da hotunan kaya sama da 5,000 daga gidajen tarihi 131 a ƙasashe 20. Galibinsu sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897, suka ƙone birnin, suka tura Oba Ovonramwen Kalaba.

Jama'a, ku duba allunan tagullar nan da kyau. Har 'yan Fotugal da bindigoginsu maƙeran suka fitar. Kundin tarihin fada ne aka yage shafi-shafi aka sayar.

Jamus ta fara dawo da nata a Disamban 2022. Gidan tarihin Birtaniya kuwa yana riƙe da kusan 900, wai dokarsu ta 1963 ta hana.