Garnada a Lokacin Hunturu: Bukukuwan Birni da Tarihin 2 ga Janairu

Garnada birni ne da ke yankin Andalus a kudancin ƙasar Sifen, a gindin duwatsun Siyera Nebada waɗanda dusar ƙanƙara ke lulluɓewa idan hunturu ya kama. Daga ƙarshen Disamba zuwa makon farko na Janairu birnin yakan cika da baƙi, wasu don yawon buɗe ido, wasu don shagulgulan ƙarshen shekara. Yawancin bukukuwan iri ɗaya ne da na sauran biranen ƙasar. Akwai dai rana guda da Garnada ta keɓanta da ita, wato 2 ga Janairu, ranar da mulkin Musulmi na ƙarshe a Andalus ya faɗi a shekarar 1492.

Shagulgulan sukan fara da daren 24 ga Disamba, jajibirin Kirsimeti, inda iyalai ke haɗuwa su ci abincin dare tare. A daren 31 ga wata jama'a sukan taru a dandalin Karmen, gaban ginin majalisar birni, kowa riƙe da 'ya'yan inabi 12, ana cin ɗaya a kowane bugun agogo na tsakar dare don fatan alheri a watannin sabuwar shekara. Ranar 5 ga Janairu kuma ake jerin gwanon Sarakuna Uku, waɗanda Kiristoci ke cewa sun zo daga gabas da kyaututtuka lokacin haihuwar Annabi Isa, ana watsa wa yara alewa daga kan motoci masu ado.

Babban abin da ke jawo baƙi shi ne fadar Alhamra da ke kan tudu, tana kallon tsohuwar unguwar Albaizin. Musulmi sun shiga Andalus a shekarar 711, suka yi ƙarnoni suna mulki, har ƙarfinsu ya raunana. Ƙurɗuba ta faɗa hannun sarakunan Kastila a 1236, Ishbiliya ta biyo baya a 1248. A tsakanin nan ne Muhammad ibn al-Ahmar ya mai da Garnada fadarsa a 1238, ya kafa gidan sarautar Banu Nasr, wanda ya rayu sama da shekara 250, sau da yawa ta hanyar biyan gandu ga Kastila. Jikokinsa ne suka ƙawata Alhamra a ƙarni na 14. Muhammad na 5 ya gina farfajiyar da zakuna 12 na dutse ke ɗauke da kwarin ruwa, kuma a bangayen fadar an sassaƙa taken gidan, cewa babu mai rinjaye sai Allah, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Yaƙin ƙarshe ya ɓarke a 1482, a daidai lokacin da gidan sarautar ke rikicin cikin gida tsakanin Sarki Abul Hasan Ali da ɗansa Abu Abdullahi Muhammad, wanda Turawa ke kira Bo'abdil. Sarki Fardinan na Aragon da matarsa Sarauniya Isabela ta Kastila suka riƙa cin garuruwan masarautar ɗaya bayan ɗaya, har suka yi wa birnin ƙawanya a 1491. Ranar 25 ga Nuwamba na wannan shekara aka sa hannu a yarjejeniyar miƙa wuya. Sharuɗɗanta sun tabbatar wa Musulmi addininsu da masallatansu da alƙalansu da dukiyoyinsu, kuma duk mai son ƙaura zuwa Arewacin Afirka a ba shi hanya. A kan haka Abu Abdullahi ya miƙa mabuɗan birnin ranar 2 ga Janairu, 1492.

Hausawa sun ce alkawari kaya ne, kuma wannan kayan bai daɗe a kan masu nasara ba. Yahudawa, waɗanda su ma suka daɗe a birnin, aka fara taɓawa: ranar 31 ga Maris, 1492, a Garnada ɗin, aka sa hannu a dokar da ta ce su karɓi Kiristanci ko su bar ƙasar. A 1499 babban limamin coci Sisneros ya zo ya fara mai da Musulmi Kiristoci da ƙarfi, abin da ya sa mutanen Albaizin suka yi bore a watan Disamba. Hukuma ta ɗauki boren a matsayin warware yarjejeniya. Aka tara littattafan Larabci aka ƙone a dandalin Bib-Rambla, sunan da ya samo asali daga Larabcin "ƙofar rairayi", inda a yau ake kafa rumfunan kasuwar Kirsimeti. Zuwa 1502 an haramta Musulunci a duk ƙasar Kastila.

Waɗanda suka zauna, aka laƙaba musu suna Morisko, sun ci gaba da harshensu da tufafinsu, da yawa kuma suna ibada a ɓoye. A 1567 Sarki Filib na 2 ya haramta musu Larabci da suturar gargajiya da sunayen iyayensu. A daren jajibirin Kirsimeti na 1568 tawaye ya tashi a duwatsun Alfuharas, aka zubar da jini ta kowane ɓangare har 1571, sannan aka warwatsa mutanen Garnada zuwa wasu lardunan. Tsakanin 1609 da 1614 aka kori kimanin Morisko 300,000 daga Sifen baki ɗaya.

Tarihin birnin ya taɓo Afirka ta Yamma. Mawaƙin Garnada Abu Ishaƙ al-Sahili ya haɗu da Mansa Musa a aikin hajjin 1324, ya biyo shi Mali, ya rasu a Timbuktu a 1346. Haka nan Hasan al-Wazzan, wanda aka fi sani da Liyo Afrikanus, an haife shi a Garnada a ƙarshen ƙarni na 15, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Fas. Littafinsa na bayanin Afirka, da aka buga a Benis a 1550, ya yi magana a kan Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Zamfara, kuma masu nazarin tarihin ƙasar Hausa suna komawa gare shi har yau.

Duk ranar 2 ga Janairu ana fito da tutar birni a kaɗa ta a ɗakin ibadar da aka binne Fardinan da Isabela, sannan a kai ta barandar majalisa. Ɗan majalisa yakan kira sunan Garnada sau uku, jama'a na amsawa daga ƙasa. A Alhamra kuma mutane kan hau hasumiyar Bela su buga ƙararrawa, bisa camfin cewa budurwar da ta buga za ta yi aure kafin shekara ta ƙare. Bikin yana raba kan mazauna birnin. Wasu suna ganinsa gadon kakanni da bai kamata a taɓa ba, wasu kuwa suna cewa bai dace a yi murnar ranar da ta buɗe ƙofar korar Musulmi da Yahudawa ba, don haka a wasu shekarun akan ga ɓangarorin biyu a dandali guda, 'yan sanda na tsakani.

Hukumar UNESCO ta sa Alhamra cikin kayan tarihin duniya a 1984, ta ƙara da Albaizin a 1994. A shekarar 2003 aka buɗe sabon masallacin Juma'a a saman Albaizin, kusa da cocin San Nikolas, bayan kimanin shekara 500 da haramta Musulunci a ƙasar. Daga lambunsa ana hango jajayen bangayen Alhamra, a bayansu kuma fararen duwatsun Siyera Nebada, waɗanda mafi tsawonsu, Mulhasen mai mita 3,479, ke ɗauke da sunan Abul Hasan, mahaifin sarkin da ya miƙa mabuɗan birnin.