"Mai Sa'a": Tarihin Runduna ta 71 ta Sojan Ƙasa na Jamus, 1939-1945

Duk wanda ya ga hotunan Yaƙin Hitila zai ɗauka cewa a kan tankoki da motoci Jamusawa suka ci ƙasashen Turai. Gaskiyar magana ita ce, mafi yawansu da ƙafa suka tafi. A farkon yaƙin, rundunar sojan ƙasa guda takan ƙunshi mutum wajen 17,000 da dawaki kimanin 5,000 masu jan igwa da amalanken abinci da harsashi. Runduna ta 71 irin wannan ce. An kafa ta a watan Agusta na 1939 a garin Hildesheim, akasarin mutanenta kuwa 'yan yankin Hanover ne. Tambarinta ganyen wani ɗan tsiro ne mai kunne huɗu, wanda Turawa suka camfa cewa yana kawo sa'a, laƙabinta kuma "Mai Sa'a".

Yaƙin Faransa ya zama kamar shaida ga wannan laƙabi. A ranakun 18 da 19 ga Mayu, 1940, rundunar ta fasa ganuwar La Ferté, wadda ke ƙarshen jerin ganuwoyin Maginot. Sojan Faransa fiye da 100 da ke tsaron wurin suka gangara ramukan ƙarƙashin ƙasa, hayaƙi ya shaƙe su, ba wanda ya fito. A tsakiyar Yuni kuma ta kama Verdun. Sai wanda ya san Yaƙin Duniya na Ɗaya zai gane nauyin wannan suna a kunnen Bajamushe, domin a 1916 iyayen waɗannan samari sun yi wata 10 suna gwabzawa a kan garin, aka yi asarar rayuka wajen 300,000 a ɓangarorin biyu, amma bai ciwu ba. 'Ya'yan suka shige shi cikin 'yan kwanaki.

A 1941 aka tura ta Rasha, tana cikin waɗanda suka kama Kiyef a watan Satumba. Wajibi ne a faɗi abin da ya biyo baya: kwana 10 da shiga birnin, 'yan SS da 'yan sanda suka harbe Yahudawa 33,771 a kwarin Babi Yar cikin kwana biyu, da sani da taimakon hukumar soja. Nasarar mayaƙan ƙasa ita ta buɗe wa makasan ƙofa. Daga nan aka mayar da rundunar yamma ta huta, sa'an nan ta komo a 1942, ta yi yaƙin Kharkov, ta haye Kogin Don cikin Agusta.

Ran 14 ga Satumba, 1942, 'yan gabanta suka ratsa tsakiyar Sitalingirad har suka hangi Kogin Bolga. A nan sa'ar ta tsaya. Yaƙin ya koma na gida-gida, ɗaki-ɗaki, inda ba a auna ci gaba da mil sai da taku, ƙungiyoyin da suka fito da mutum fiye da 100 suka koma 'yan kaɗan. Ran 23 ga Nuwamba Rashawa suka rufe zobe a Kalach, suka ritsa da babbar Runduna ta 6 dungum, wadda ta 71 ke ƙarƙashinta. An yi alkawarin kawo abinci ta jirgin sama, abin da ya iso bai ko kusa isa ba. Dawakin da suka rage aka yanka aka cinye, ga sanyi, ga ƙwarƙwata, ga zazzaɓi.

Ran 26 ga Janairu, 1943, shugaban rundunar, Janar Alexander von Hartmann, ya hau kan tudun hanyar jirgin ƙasa, ya tsaya ƙyam yana harbi da bindiga kamar ƙaramin soja, har harsashi ya same shi a ka. Marubutan soja na Jamus sun daɗe suna kiran wannan jarunta. Mai lura kuwa zai ga cewa mutuwar ta raba shi da ɗaukar nauyin miƙa wuya, ta bar wa wani. Wanda ya gaje shi, Fritz Roske, yana zaune ne a ƙarƙashin wani babban kanti a tsakiyar birnin, nan kuma Paulus, shugaban Runduna ta 6, ya zo ya fake. Ran 31 ga Janairu Rashawa suka iso ƙofar kantin, Roske yana cikin waɗanda suka yi maganar sallamawa da su. Daga fursunoni wajen 91,000 da aka kama a Sitalingirad, kimanin 6,000 kaɗai suka sake ganin gida.

Abin mamaki, kafin shekara ta zagayo sai ga Runduna ta 71 a fagen fama. Hukumar soja ta tara sababbin ɗauka da waɗanda suka warke daga rauni a Denmak, ta liƙa musu tsohuwar lamba da tsohon tambari, watau riga ce ta mamaci aka sa wa wani. Wannan runduna ta biyu aka kai Italiya, ta yi yaƙi a Anzio, sa'an nan aka ba ta tsaron duwatsun da ke kudu da Cassino. Ran 11 ga Mayu, 1944, mayaƙan Faransa ƙarƙashin Janar Juin suka afka mata, akasarinsu kuwa mutanen Maroko da Aljeriya ne, masu hawan dutse da alfadarai. Cikin kwana biyu suka kama Dutsen Majo, layin Jamusawa ya tsage. Rundunar da ta yi suna da cin Faransa, 'yan Afirka masu sanye da kakin Faransa ne suka karya ta. Ragowarta ta ƙare a Hungari, ta miƙa wuya ga Ingilishi a Ostiriya cikin Mayu, 1945.

Roske kuwa ya yi shekara 12 a hannun Rasha. An sako shi a 1955, ya koma Jamus ta Yamma, a watan Disamba na 1956 ya kashe kansa.