Man Bilicin da Lafiyar Fata

A watan Fabrairun 2023, a wani taron wayar da kai da aka gudanar a Kano, Hukumar NAFDAC ta ayyana shafa man bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Ƙa'idar hukumar ta haramta sinadarin makuri a kayan shafa, domin yana lalata ƙoda. Yawan sinadarin haidurokwinon kuwa kan bar baƙin tabo mai wuyar gogewa.

Don haka muna kira ga jama'ar Unguwar Ya, Birnin Kudu da Gwaram, musamman masu gyaran amare, da su guji man haɗi marar suna, su kuma duba lambar NAFDAC kafin saye. Muna roƙon dagatai da masu unguwanni su isar da wannan saƙo.