Jami'ar da aka gina a Maraɗi don 'ya'yan tsallaken iyaka

1/ Jama'a, yau zarenmu kan wata ƙaramar jami'a ce mai zaman kanta. Daga Isa har Sabon Birni ba mu da jami'a ko ɗaya. Amma akwai wadda aka gina kusa da mu, sai dai a ƙasar Nijar take. Ku biyo ni.

2/ Mu fara da gulbi. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar, ya ratsa Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, ya dawo Najeriya ta wajen Sabon Birni ya haɗu da Rima. Mutane ma haka suke yawo tun kafin a san fasfo.

3/ Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri daf da Maraɗi. Daga Tsibirin nan Ɗan Halima ya taso ya kafa Sabon Birni. Sai daga baya Ingila da Faransa suka shata iyaka a 1904 da 1906, suka raba gida biyu.

4/ Iyakar ta raba har da boko. Wannan gefe Turanci, wancan gefe Faransanci. Jami'ar gwamnati ta Maraɗi, wadda ake kira Ɗan Dikko Ɗankulodo, da Faransanci take koyarwa. Ɗan Sabon Birni zai ci kasuwar Maraɗi da Hausarsa, amma aji ya gagare shi.

5/ A 2013 Farfesa Adamu Abubakar Gwarzo, mutumin jihar Kano, ya kafa jami'a a Maraɗi ya sa mata sunan Maryam Abacha, matar marigayi Janar Sani Abacha. Ita ce MAAUN. Dabarar ita ce a koyar da Turanci a cikin ƙasar Faransanci.

6/ Ku lura da shekarar fa. A 2013 ɗin ne ASUU ta shiga yajin aiki daga Yuli har Disamba. Iyaye sun gaji da digirin shekara 4 da ke cinye 6. Sai ga makaranta a garin Hausawa, tuwo iri ɗaya, babu yajin aiki.

7/ Shi ya sa harabar ta cika da 'yan Najeriya, musamman masu neman karatun jinya da kiwon lafiyar al'umma. Makarantar tana Nijar, amma rayuwarta tana rataye da iyaka.

8/ To iyakar kuwa ba ta da tabbas. An rufe ta a Agustan 2019 har Disamban 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ba ta buɗe ba sai Maris 2024. Duk rufewa, ɗalibi da mahaifinsa ne ke ji a jika.

9/ A 2021 hukumar NUC ta ba da lasisin MAAUN ta Najeriya, aka buɗe haraba a Hotoro cikin Kano. Abin da ake tsallaka iyaka a nema ya dawo gida. Sai dai Kano ya dawo, ba Gobir ba.

10/ Mu kuwa tun 2019 hanyar Gidan Runji ta koma ta 'yan gudun hijira, mata da yara masu tsere wa 'yan bindiga. Wa zai zuba kuɗinsa ya gina jami'a inda manomi bai iya zuwa gonarsa?

11/ Wanda ya yi karatu a Maraɗi a shekarun farko, don Allah ya ba mu labarin yadda harabar take a lokacin. Allah Ya kawo mana zaman lafiya, amin.