Ɗa'ifa, garkar Makka bisa dutse

Ya kai mai karatu, ka sha jin labarin Makka da Madina daga bakin alhazai. Yau sai ka shirya, za mu hau dutse, mu je wani gari na uku. Sunansa Ɗa'ifa. Yana gabas da Makka, cikin ƙasar Saudiyya. Tsakaninsu wajen kilomita 90 ne. Mutanen garin sun fi rabin miliyan.

Makka tana cikin kwari, duwatsu masu zafi sun kewaye ta, ba ƙasar noma ba ce. Ita kuwa Ɗa'ifa tana bisa tsaunukan Sarawat, wajen mita 1,800 sama da teku. Ka sani, in mutum yana hawan dutse, iska tana ƙara sanyi. Duk mita 1,000 da ya hau, zafi yakan ragu da awo 6 ko kusa da haka. Kuma hadari yakan taru bisa tsaunuka, ruwa ya sauka, ya bi ƙoramu, rijiyoyi su samu. Sanyi da ruwa, su ne dukiyar Ɗa'ifa. Ka riƙe wannan, don duk tarihin garin a kansu yake tafiya.

Mutanen farko

Tun kafin Musulunci, ƙabilar Sakifa ce ke zaune a nan. Sun kewaye garinsu da ganuwa mai ƙarfi. Suna noman alkama da inabi da rumman. Suna shanya inabi ya zama zabibi, su aza wa raƙuma zuwa Makka. Majemansu kuma sun yi suna wajen gyaran fata. Attajiran Makka suna da garake a can. In bazara ta tsananta, sai su hau su huta. Kusa da garin akwai kasuwar Ukaza, inda ƙabilu ke taruwa kowace shekara, ana ciniki, mawaƙa suna gwada baki. Akwai kuma ɗakin gunkin da ake kira Lata, wanda Larabawa da yawa ke kai wa ziyara.

Wajen shekarar 619, Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hau Ɗa'ifa tare da Zaidu ɗan Harisa. Baffansa Abu Ɗalib da matarsa Nana Khadija ba su daɗe da rasuwa ba. Ya kira manyan Sakifa zuwa ga Musulunci. Suka ƙi, suka sa yara da wawaye suka jefe shi har ƙafafunsa suka yi jini. Ya fake cikin garkar waɗansu mutanen Makka biyu, Utba da Shaiba. Wani bawansu Kirista mai suna Addasu ya kawo masa inabi. Har yau ana kai masu ziyara su ga wurin.

A shekarar 630, bayan yaƙin Hunaini, Musulmi suka kewaye garin, amma ganuwa ta hana su shiga, suka janye. Bayan ƴan watanni, manyan Sakifa da kansu suka tafi Madina suka musulunta, aka rushe ɗakin Lata. Mai haƙuri yakan dafa dutse. Daga baya babban malamin nan Abdullahi ɗan Abbas ya zauna a Ɗa'ifa, a nan ya rasu wajen 687. Babban masallacin tsohon gari sunansa ya ci.

Aikin tare ruwa

Ruwan dutse ba ya jira. In ya sauka, da gudu yake wucewa, ya bar ƙorama busasshiya. Mutanen Ɗa'ifa sun gane haka tun da wuri. Sai suka riƙa gina madatsai da duwatsu, abin da muke kira baraji. Ruwa ya tsaya, ya nutse cikin ƙasa, rijiyoyin garake su ƙaru. Ɗaya daga cikinsu ita ce madatsar Saisad. Jikin dutse a wurin akwai rubutun da ke nuna an gina ta don Halifa Mu'awiya, a shekara ta 58 bayan Hijira, wato wajen 678. Ka lissafa ka gani: shekara fiye da 1,300 ke nan, ga ta nan tsaye.

Garin sarakuna

Duk wanda ya riƙe Makka, yana son Ɗa'ifa a hannunsa, don can ne abinci, can ne wurin hutu. Daga 1517 ƙasar ta shiga ƙarƙashin Turkawa. Sharifan Makka suka gina gidajen bazara a garin, har da fadar Shubra, wadda aka gina farkon ƙarni na 20. A 1916 dakarun Sharif Husaini suka kori sojan Turkawa. A watan Satumba na 1924 mayaƙan Sarki Abdul'aziz ɗan Sa'ud suka ci garin, aka kashe ɗaruruwan mutanen gari. Daga nan hanyar Makka ta buɗe masa.

Sarakunan Saudiyya sun daɗe suna ƙaura zuwa Ɗa'ifa duk bazara, da su da ministocinsu. A nan Sarki Abdul'aziz ya rasu a 1953, haka ma Sarki Halidu a 1982. Garin ya zama wurin sulhu kuma. A 1934 aka sa hannu ga yarjejeniyar da ta kashe yaƙi tsakanin Saudiyya da Yaman. A 1989 wakilan ƙasar Lubnan suka taru a nan, suka shirya kawo ƙarshen yaƙin basasar da suka fara tun 1975. Da Iraki ta mamaye Kuwaiti a 1990, a Ɗa'ifa sarkin Kuwaiti ya zauna, har aka ƙwato ƙasarsa a 1991.

Hanya da zaman yau

Da can, matafiyi daga Makka yakan yi kwana biyu ko uku bisa raƙumi ko alfadari, yana bin turbar da aka shimfiɗa wa duwatsu. A 1965 aka buɗe hanyar mota ta Hada, wadda aka sassaƙa jikin dutse. Yanzu tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Hanyar tana lanƙwasa kamar maciji, wani lokaci hazo yakan rufe ta, birai kuma suna zaune bakinta suna jiran abinci. In za ka gangara Makka don umara, a nan kusa za ka ɗaura harami, a mikatin Ƙarnul Manazil.

Abin da ya fi fitar da sunan garin yau shi ne furen wardi. Cikin watan Maris da Afrilu ake tsinkarsa, tun da asuba, kafin rana ta sha ƙanshinsa. Ana zuba shi cikin manyan tukwanen gaci tare da ruwa, a rufe, a hura wuta. Tururi ya bi ta bututu, ya huce, ya ɗiga cikin kwalba, mai ya taso bisa ruwa. Sai an dafa fure 10,000 ko fiye kafin a samu ƴar kwalba ta giram 12. Shi ya sa yake da tsada. Da shi ake gauraya ruwan Zamzam in za a wanke ɗakin Ka'aba. A 2024 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Cikin kasuwa za ka ga zuma da rumman da ɓaure da inabi. Da bazara iyalai suna cika otal-otal, suna shimfiɗa darduma cikin inuwa suna shan shayi. Tun 2018 kuma ana yin babban sukuwar raƙuma a garin.

Amma ga abin lura. Garin ya girma, baƙi sun yi yawa, rijiyoyi sun daina isar jama'a. Yau yawancin ruwan shan Ɗa'ifa daga Bahar Maliya yake zuwa. A bakin teku, a Shu'aiba, injuna ke cire masa gishiri, sannan a tura shi cikin manyan bututu har bisa dutse. Aiki ne mai cin kuɗi ƙwarai. Garin da ya ciyar da Makka da ruwan rijiyoyinsa, yau sai an hawo masa da ruwa daga ƙasa.

To, mai karatu, mu ba mu da teku, ba mu da kuɗin waɗannan injuna. Amma muna da duwatsu da hannuwa, kamar maginan Saisad. In damana ta faɗi, ina ruwan ƙoramar garinku yake zuwa? Ku zauna da mai gari da sauran manoma, ku yi shawara a kai.