Daga Kofin Walker zuwa Kofin Ryder: Tarihin Gasar Tawaga a Wasan Golf

Gabatarwa

Wasan golf, wanda wasu kafafen labarai na Hausa ke kira ƙwallon lambu, wasa ne na mutum ɗaya. Ɗan wasa yakan bugi ƴar ƙaramar ƙwallo da sanda, ya bi ta har ya jefa ta cikin rami, sa'an nan ya wuce zuwa rami na gaba, har ya cika ramuka 18. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne gwani. Babu mai miƙa masa ƙwallo, babu mai tsare masa baya. Duk da haka, ɗaya daga cikin gasannin da suka fi tara jama'a a wannan wasa a yau gasa ce ta tawaga, wato Kofin Ryder, inda mutum 12 na Amurka ke karawa da mutum 12 na Turai. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka ƙirƙiro gasar tawaga a wasan da aka gina kan mutum ɗaya, ta kuma nuna cewa rayuwar irin wannan gasa ta rataya ne a kan abu guda: ƙarfin ɓangarorin biyu ya zo kusa da juna.

Ƴan sha'awa da ƴan sana'a

A ƙasar Skotland golf ya girma. Tun a 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta haramta shi, domin yana shagaltar da maza daga koyon harbin baka. A 1764 aka mayar da filin garin St Andrews mai ramuka 18, adadin da duniya ta ɗauka daga baya.

Da wasan ya bunƙasa, sai masu yin sa suka kasu gida biyu. Akwai ƴan sha'awa, wato masu hali da ke wasa don nishaɗi, ba sa karɓar ko sisi. Akwai kuma ƴan sana'a, waɗanda da wasan suke cin abinci: masu ɗaukar wa manya jakar sanduna, da masu ƙera sandunan, da masu gyaran fili da koyarwa. Gasar Open ta farko, wadda aka yi a Prestwick a 1860, ƴan sana'a takwas ne suka buga ta. A 1885 kuwa ƴan sha'awa suka samu tasu gasar a Hoylake. Tazarar da ke tsakanin gidajen biyu ta daraja ce, har ta kai a filaye da yawa na Birtaniya ba a barin ɗan sana'a ya shiga ɗakin kulob. Wannan rarrabuwa ita ta sa kowane gida ya kafa kofin tawagarsa daban.

Kofin Walker

Ƴan sha'awa ne suka riga. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, George Herbert Walker, wanda ya shugabanci hukumar golf ta Amurka a 1920, ya ba da kofi don a riƙa karawa tsakanin ƙasashe. Wannan attajiri shi ne kakan Shugaba George H. W. Bush ta wajen uwa. An yi karawar farko a 1922 a jihar New York, tsakanin Amurka da tawagar Birtaniya da Ayilan, Amurka ta ci da maki 8 da 4.

Tun daga nan matsalar da za ta addabi irin waɗannan gasanni ta bayyana. Birtaniya da Ayilan ba su ɗauki kofin ba sai a 1938, a St Andrews. Suka sake jira har 1971, a wannan fili dai. A ƙasar Amurka kuwa ba su yi nasara ba sai a 1989. Gasar ta ɗore duk da haka, domin ba a kan kuɗin ƴan kallo ta dogara ba, kuma ta zama makarantar da matasa ke bi kafin su shiga sana'ar. Jack Nicklaus da Tiger Woods da Rory McIlroy duk sun buga ta.

Mai sayar da iri da kofinsa

Samuel Ryder ɗan kasuwa ne a garin St Albans na Ingila. Ya yi arziki da sayar da irin shuka a ƙananan ƙunshi, kowane ƙunshi a kan kwabo ɗaya. Sai da ya kusa shekara 50 ya fara golf, ya ɗauki gwani Abe Mitchell ya riƙa koya masa. A 1926 aka yi wata karawar sada zumunci a Wentworth tsakanin ƴan sana'ar Birtaniya da na Amurka, masu masauki suka ci da 13½ da 1½. Ryder ya ba da kofin zinariya, wanda a samansa aka ɗora ɗan mutum-mutumin mai wasa da siffar Mitchell.

An buga Kofin Ryder na farko a 1927 a Worcester ta jihar Massachusetts. Walter Hagen ya jagoranci Amurka, Ted Ray ya jagoranci Birtaniya, Amurka ta ci da 9½ da 2½. Mitchell kansa bai samu zuwa ba saboda rashin lafiya.

Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda ake ƙirga maki, domin nan ne gasar tawaga ta bambanta da sauran. Ba a tara yawan bugu na kwanaki. Rami bayan rami ake karawa: wanda ya jefa ƙwallo da bugu mafi ƙaranci ya ci ramin, wanda ya fi cin ramuka ya ci karawar, ya kawo wa tawagarsa maki ɗaya. In an yi kunnen doki, kowa ya samu rabi. Karawar iri uku ce. A ta farko, mutum biyu suna raba ƙwallo ɗaya, wannan ya buga, wancan ya buga, don haka kuskuren ɗaya nauyi ne a kan ɗan'uwansa. A ta biyu, kowa da ƙwallonsa, a ɗauki sakamakon wanda ya fi kyau a cikin abokan biyu. Ta uku kuwa gaba da gaba ce, mutum da mutum. A tsarin yau maki 28 ake nema cikin kwana uku. Mai 14½ ya ci, in kuma aka tashi 14 da 14, kofi ya zauna wurin mai riƙe da shi.

Shekarun da ƙarfi bai zo ɗaya ba

Da farko an yi ba-ni-in-ba-ka: Birtaniya ta ci a gida a 1929 da 1933. Daga nan Amurka ta yi kaka-gida. Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da gasar, kuma da aka dawo a 1947 a Portland, wani attajirin Amurka, Robert Hudson, shi ya ɗauki nauyin tafiyar tawagar Birtaniya, wadda ta sha kashi da 11 da 1. Amurka ta fi yawan jama'a, ta fi filaye, ta fi kuɗin gasa, ga Birtaniya tana fama da raɗaɗin yaƙi.

Daga 1927 zuwa 1977 an kara sau 22. Amurka ta ci 18, Birtaniya ta ci uku, na ƙarshensu a 1957 a Lindrick, aka yi kunnen doki sau ɗaya. Wannan kunnen doki na 1969 a Royal Birkdale ya shiga tarihi: a rami na ƙarshe Nicklaus ya ɗauke alamar ƙwallon Tony Jacklin, ya yafe masa ɗan gajeren bugun da ya rage, aka tashi 16 da 16. Karamci ne da ake yabo har yau, amma bai magance ciwon gasar ba. Wasan da kowa ya san wanda zai ci tun kafin a fara, ba ya jan mai kallo, kuma wasu gwanayen Amurka sun soma yi masa riƙon sakainar kashi.

Gyaran 1979

Bayan Amurka ta sake ci a 1977, Nicklaus ya shawarci Lord Derby, shugaban ƙungiyar ƴan sana'ar golf ta Birtaniya, da a faɗaɗa tawagar in ana son gasar ta rayu. Aka amince a buɗe ƙofa ga nahiyar Turai baki ɗaya. A 1979 ƴan Sifaniya biyu, Severiano Ballesteros da Antonio Garrido, suka shiga.

Gyaran bai yi aiki nan take ba, domin Amurka ta ci a 1979 da 1981. A 1983 aka naɗa Jacklin kyaftin, ya dage a kula da ƴan wasansa kamar yadda ake kula da na Amurka, tun daga jirgi har sutura, kuma tazarar ta koma maki ɗaya tak. A 1985 a filin Belfry, Turai ta ci da 16½ da 11½, faɗuwar Amurka ta farko cikin shekara 28. A 1987 Turai ta ci da 15 da 13 a jihar Ohio, a filin da Nicklaus ya tsara, shi ne kuma kyaftin na Amurka. Wannan ne karon farko da aka doke Amurka a gidanta.

Turai ta dace da gwanaye a lokaci guda, irin su Nick Faldo na Ingila da Bernhard Langer na Jamus, amma ƙarfinta ya fi fitowa a karawar mutum biyu-biyu. Ballesteros da José María Olazábal sun buga tare sau 15, suka ci 11, suka faɗi biyu, suka yi kunnen doki biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da a wasan mutum ɗaya ne. Daga 1979 zuwa 2025 an kara sau 23: Turai ta ci 13, Amurka tara, kunnen doki ɗaya. Sau biyu tawagar da ke baya da 10 da 6 ta farfaɗo a ranar ƙarshe ta ci, Amurka a 1999, Turai a 2012.

Mata da sauran duniya

Mata ma suna da nasu kofunan. Ƴan'uwa biyu, Harriot da Margaret Curtis, suka ba da Kofin Curtis na mata ƴan sha'awa, wanda aka fara a 1932 a Wentworth. Mata ƴan sana'a sun samu Kofin Solheim a 1990, da sunan Karsten Solheim mai kamfanin sandunan Ping. An ɗauki darasin Kofin Ryder, aka haɗa Amurka da Turai tun farko, kuma Turai ta ci karo na biyu a 1992.

Kofin Shugabanni, wanda aka kafa a 1994 tsakanin Amurka da ƙasashen da ba na Turai ba, yana fama da tsohuwar cutar. Cikin karawa 15 zuwa 2024, Amurka ta ci 13. Tawagar ƙasashen ta ci sau ɗaya, a Melbourne a 1998. A 2003 a Afirka ta Kudu aka tashi 17 da 17, Tiger Woods da Ernie Els suka yi ramuka uku na raba gardama har duhu ya rufe su, sai kyaftin biyu, Nicklaus da Gary Player, suka yarda a raba kofin.

Kammalawa

Kofin Ryder ya kusa mutuwa ne a hannun mai ƙarfi, kuma shawarar da ta ceto shi daga bakin gwanin masu ƙarfin ta fito, wanda ya gane cewa nasarar da ba a sha wuya ba ba ta da armashi. Yau wata tambaya ta taso. Shekaru da dama ƴan sana'a suna buga wannan kofi ba tare da ladan aljihu ba, tamkar ƴan sha'awa na da. A 2025 aka ware wa kowane ɗan wasan Amurka dala 500,000, wato 300,000 don ayyukan jinƙai da 200,000 nasa na kansa. Ƴan Turai ba a biya su ba, kuma su suka ɗauki kofin a New York da maki 15 da 13.