Wa Takarda Ta Sani a Arewa?

Wanda ya tashi neman asalin gidansu a Turai yakan fara da littattafan coci, domin a ƙasashe kamar Faransa limaman Kirista sun shafe ƙarnuka suna rubuta sunan duk jaririn da aka yi wa baftisma, da sunan iyayensa, da ranar aurensa da ta binne shi. Idan ɗan Arewa, wato ƙasar Arawa da Gubawa da ta haɗa Dogon Dutsi da Matankari da Tibiri, ya ɗauki wannan hanya, ba zai yi nisa ba zai tarar ta ƙare. Takarda baƙuwa ce a wannan ƙasa, shekarunta ba su wuce ɗari da ashirin da wani abu ba, kuma tun da ta zo ba kowa ta kula da shi ba. Ta rubuta wanda mulki ko coci ke da bukatarsa, ta bar sauran. Abin da ya biyo baya yana da ban mamaki: jikan baƙon da ya zo aikin ofis daga bakin teku ya fi jikan manomin da kakanninsa suka sare dajin samun sunan kakansa a rubuce. Saboda haka mai binciken asali a Arewa bai kamata ya ɗora takarda bisa kujerar alƙali ba. Shaida ce guda cikin shaidu, kuma kafin a karɓi maganarta sai an tambayi wanda ya rubuta ta da abin da yake nema.

Labarin zuwan baƙi shi ne tushen sarautar Arewa kanta. Abin da aka gada a baki shi ne Gubawa ne suka fara zama, da Sarauniya a Lugu da Baura a Bagaji, su ke riƙe da ƙasa da tsafinta. Daga baya wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya zo, ya haihu da ɗiyar Baura, ɗan nasu Akazama ya zama tushen sarakunan Arewa. Zanen nan biyu da ke tashi daga gefen baki zuwa kunne, wanda har yanzu ake gani a fuskar tsofaffi a kasuwar Dutsi, shi ne shaidar da mutane suka riƙa ɗauke da ita tun kafin a san katin ɗan ƙasa. Wannan labari bai shiga takarda ba sai da Turawa suka zo shata iyaka. Yarjejeniyar 1898 tsakanin Faransa da Ingila ta zana da'irar mil ɗari kewaye da Sakkwato, abin da ya jefa yankin a rabon Ingila. Faransawa suka ga ba su da hanya mai ruwa daga Kwara zuwa Damagaram, aka sake zama a 1904 da 1906, aka matsar da iyakar kudu. Tawagar Kyaftin Tilho da ta bi iyakar tana kafa alamu tana da tafinta mai suna Landeroin, wanda ya zauna da sarakuna da dattawa ya rubuta jerin sarautu. Wato rubutaccen tarihin Arewa mafi tsufa da ke hannu maganar baki ce da aka ɗauka a fada, a lokacin da kowane gidan sarauta ya san cewa abin da ya faɗa wa Bature zai iya ba shi rawani ko ya hana shi. Wanda ya buɗe rubutun Landeroin yau yana cewa ga hujja a rubuce, to maganar fadawan wancan zamani yake karantawa, an dai sa mata tawada ne.

Takardun da kumandan na Faransa ya tara bayan an kafa bariki a Dogon Dutsi, sarautar Arewa ma ta baro Matankari ta koma can, na lissafi ne. Ana ƙidayar mutane gida gida don lanho, wato haraji, don aikin dole, da ɗaukar soja. Mai gida ya san duk kan da aka rubuta kuɗi ne zai fita daga rumbunsa, don haka idan aka ji masu ƙidaya sun doso gari, sai a tura samari daji da dabbobi, a rage wa yaro shekaru, a manta da wata matar. Malamin da ke rubutu sau da yawa ba Bahaushe ba ne, yana jin suna ta bakin tafinta ya rubuta shi da haruffan Faransanci yadda kunnensa ya ba shi. Mutum guda sai ya fito Mahamadu a wannan ƙidaya, Mamman a ta gaba, a ta uku kuma da sunan rana ko laƙabin da aka fi saninsa da shi, tunda kunya ta hana uwa kiran sunan ɗan fari, ta hana mace kiran sunan miji, har sunan yanka ya ɓace a cikin gida. Ga shi kuma ba a gadon sunan dangi guda kamar na Turawa: ɗa yana ɗaukar sunan ubansa, jika ya ɗauki na ɗan, zare ya tsinke a kowane hawa. Lakwal, wato makarantar boko, ita ma ta ƙara nata ruɗanin, domin a farkon zamaninta an sha tura yaron bara ko na talaka a madadin ɗan gidan sarauta, wani lokaci da sunan gidan. Shekarar haihuwa kuwa ƙiyasi ce. Ana duban tsayin yaro da haƙoransa a rubuta cewa an haife shi wajen shekara kaza, daga baya alƙali ya tabbatar da haka da shaidu biyu a takardar da ke maye gurbin ta haihuwa. Wannan bai tsaya ga zamanin Turawa ba. Nijar ba ta yi ƙidayar jama'a ta ƙasa baki ɗaya ba sai 1977, kuma binciken lafiya da yawan jama'a na 2006 ya nuna kusan kashi 32 cikin ɗari ne kawai na ƙananan yara aka yi wa rajistar haihuwa, adadin da ya kai kusan 64 a 2012.

A nan ne littafin coci ya bambanta, kuma a nan ne baƙo ya fi ɗan gida sa'a. Mishan ɗin Katolika ya zauna a Dogon Dutsi tun ƙarshen shekarun 1940, da makarantarsa da ta yi suna. Kiristocin farko a garuruwan Nijar da yawansu ma'aikata ne daga Dahome da Togo: akawu, malaman lakwal, ma'aikatan gidan waya da na asibiti, waɗanda mulkin Faransa ke aikawa duk inda yake so a Afirka ta Yamma. Ƙa'idar Katolika ta tilasta wa limamin coci ya rubuta sunan wanda aka yi wa baftisma, da ubansa da uwarsa, da wurin haihuwa, da waɗanda suka tsaya masa. Idan mutumin ya yi aure bayan shekara ashirin, ko a wace ƙasa ce, sai an aika sanarwa cocin da aka yi masa baftisma a rubuta a gefen sunansa. Wannan ɗan rubutun gefen shafi shi ne abin da mai bincike ke nema, domin shi ke haɗa gari da gari. Daga littafin Dutsi ko na Yamai ana iya komawa Porto-Novo ko Wida, inda 'yan mishan suka sauka tun 1861, a samu hawa uku ko huɗu a jere da ranakunsu. Korar 'yan Dahome da gwamnatin Diori Hamani ta yi a ƙarshen 1963, lokacin rikicin tsibirin Lete, ta raba gidaje da yawa, wasu suka tafi, wasu da suka yi aure a ƙasar suka bar zuriya. Ga irin waɗannan, littafin coci na iya zama abin da ya rage tsakaninsu da danginsu na kudu. Cocin bishara da ya samo asali daga mishan ɗin SIM, wanda yake da mabiya a Dutsi da Gesheme, ba ya yi wa jarirai baftisma sai mutum ya girma ya furta da bakinsa, saboda haka littafinsa yana faɗin ranar da mutum ya shiga addini, ba ranar da ya shigo duniya ba. Tsohon soja ma takarda ta san shi: Faransa ta rubuta garinsa da sunan iyayensa da alamun fuskarsa, domin tana son ta kamo shi idan ya gudu, ta kuma biya shi fansho idan ya tsufa.

Za a ce, to ai ko da gurguwa ce takardar ta fi bakin maroƙi, wanda ke cin abinci da yabo. Wannan suka tana da ƙarfi. Idan aka bi ta bakin masu kirari, kusan kowa a Arewa jikan Ari ne, kamar yadda a wasu wurare kowa ke fitowa daga Makka ko Bagadaza. Baki yana tsallake kakan da bai yi sarauta ba, yana haɗa mutum biyu masu suna ɗaya, yana barin mata a baya, kuma yana rufe bauta ruf. Sai dai ƙaryar baki tana da tsari, kuma wanda ya san tsarin zai iya tace ta. Marc-Henri Piault, wanda ya wallafa littafinsa kan tarihin Mawri, wato Arawa, a 1970, da Mahamane Karimou da ya rubuta kan Mawri masu jin Zabarmanci a 1977, ba su ɗauki jerin gida guda suka tsaya a kai ba. Aikin irin wannan gwama bakin gari da gari ne, na masu sarauta da na masu ƙasa, a ga inda suka haɗu da inda suka saɓa. Kuma baki ba shi kaɗai yake ba, yana da abokan shaida da ba sa karɓar kyauta. Wa ya haƙa rijiyar gari? Gonar wa ke kusa da gari, ta wa ke can nesa kan tudu? Wane gida ke yanka wa wane iska, daga wa ya gaje shi? Su wa ke wasan taubasantaka da su wa? Gidan da ya zo daga baya yana iya sake kirarinsa, amma ba zai iya matsar da gonarsa zuwa bakin tsohuwar rijiya ba. Har shekaru ma baki yana da hanyar ƙirga su. Tsohuwar da ta ce an haifi ubanta shekarar Kakalaba ta ba da 1913 zuwa 1914, wadda ta ce shekarar fara ta ba da 1931, wanda ya ce kakansa yana goye lokacin da Turawa suka ƙone Lugu ya ba da Afrilun 1899, watan da rundunar Voulet da Chanoine ta yi karo da Sarauniya Mangu. Irin wannan lissafi sau da yawa ya fi ƙiyasin akawu kusa da gaskiya.

Wani kuma zai ce an manta da malamai, masu rubuta haihuwa da mutuwa da ajami a bayan littattafansu. A Katsina ko Sakkwato wannan magana ce mai nauyi. A Arewa nauyinta kaɗan ne, domin ƙasar ta daɗe tana riƙe da addinin gargajiya, kuma a ƙarni na 19 mayaƙa irin su Samna Karfe na Tibiri suna ɓangaren Kabi ne a yaƙi da Gwandu. Musulunci bai game gidaje ba sai a ƙarni na 20, sauyin da Adeline Masquelier ta bi diddiginsa a Dogon Dutsi a littafinta na 2001.

Amfanin takarda na gaskiya yana wurin da baki ya yi shiru da gangan, kuma nan ne haɗarinta yake. Rahoton kumandan na iya ambaton cewa unguwa kaza bayi ne da suka zauna da kansu bayan dokar 1905 da ta hana cinikin mutane, ko cewa gari kaza mutanen Adar ne ko na Kabi da yunwa ta koro. Littafin shari'a na iya nuna rigimar gado da ta ambaci sunan wata mata da jerin kakanni ya share. Wanda ya tono irin wannan ya riƙe abin da zai iya ɓata aure ko ya tayar da rikicin gona, domin a ƙauye maganar wa ya riga wa zuwa ba tarihi ba ce kawai, ita ce ke raba fili, ita ce kuma ke tantance wanda zai tsaya takarar sarauta. Shi ya sa dattawa ba sa sakin baki ga duk wanda ya zo da alƙalami, kuma ba jahilci ne ya sa su haka ba. Sun ga yadda abin da aka faɗa wa tafinta a zaure ya dawo bayan shekara hamsin a matsayin hujja gaban hukuma.

Takardun kuma a warwatse suke, bisa yadda mulki ya rarraba kansa. Mutumin Kore Mairuwa ko Dumega da ke neman tsohuwar rajista zai tuna cewa Tibiri ba ta zama gunduma mai cin gashin kanta ba sai 2011, kafin nan Dutsi ce cibiya. Rahotannin zamanin Turawa suna gidan ajiyar takardun ƙasa a Yamai, wasu a Dakar inda babban gwamna yake zaune a lokacin, wasu a Aix-en-Provence a Faransa. Muryoyin dattawan da aka ɗauka a faifai suna cibiyoyin bincike na Yamai, irin su IRSH da CELHTO. Iyakar da Tilho ya bi kuwa ta raba Arawa biyu, ta bar wani ɓangare a ƙasar Argungu, inda yau ake da ƙaramar hukumar Arewa Dandi mai hedikwata a Kangiwa, jihar Kebbi. Gidan da kakansa ya tsallaka can don gudun aikin dole, kafin a soke shi a 1946, zai nemi rabin tarihinsa da Faransanci a Yamai, ɗaya rabin da Ingilishi cikin takardun harajin lardin Sakkwato da ke ajiye a Kaduna, inda wani akawun daban ya rubuta sunan kakan da wasu haruffa daban.